Shaidar Hajja Sittana

Duha, 'yar Muhammad Sani mai agashe, tana aji uku a jami'a ta ƙudurta sai ta samu aikin yamma. Uban ya fara cewa ta huta shekara guda har abubuwa su yi sauƙi, kuma a unguwarsu ta Umbadda kowa ya san yarinyar da ta huta shekara guda ba ta komawa.

Sai ga wani kamfanin rarraba magani a kasuwar Suk Arabi yana neman ɗalibin da zai riƙa zaga shagunan magani yana rubuto abin da ya ƙare musu. Samari kuwa a shekarun nan sun yi wuya, wasu an kwashe su horon soja, sauran suna ɓuya a bayan ƙofa. Aka ce mace ma ta kawo takarda.

Takardar neman aikin, sira zatiyya suke ce mata da Larabci. Ƙawarta Awadiyya ce ta zaunar da ita: shafi ɗaya kawai, suna, karatu, abin da ta iya. Uban ya so a sa labarin kakansa da ya taho daga Katsina da ƙafa, Awadiyya ta ce ba wuri. A ƙasa kuma ana son lambar waya da sunan babban mutum da zai ba da shaida.

To, a duk layinsu waya ɗaya ce tak, a ɗakin tsohuwar maƙwabciyarsu Hajja Sittana, wadda ɗanta na Jidda ya sa mata. Ta maƙala mata ɗan kwaɗo, makullin yana ƙulle a bakin mayafinta. Duha ta rubuta sunan Hajja da lambarta, ta yi shiru da bakinta, don gaya wa Hajja magana daidai yake da ba mai shela.

Ranar Laraba ta sauko daga mota ta tarar da Hajja a ƙofar gida, an sha sabon tob, wato lafaya, fuska sai sheƙi.

"Zo nan, munafuka. Ashe abin har ya kai a bugo waya?"

"Wa ya bugo, Hajja?"

"Wani Ustaz Salih. Murya ta mutanen kirki. Ya ce an ba shi sunana, yana son jin halinki. Na ce ya faɗo hannun da ya dace."

Duha ta ce, "Me kika ce masa?"

"Me ake cewa in an zo binciken aure? Na ce ko ƙofar gida ba kya leƙawa. Ba ki san hanyar kasuwa ba. In namiji ya yi miki magana sai ki sunkuyar da kai ki fara hawaye. Ya yi shiru, kin san abin ya shige shi. Ya ce to, an gode."

Duha ta zauna a bakin gadon igiya ta dafe kai. Ta yi wa tsohuwar bayani dalla-dalla: ba miji ba ne, manaja ne, kuma mutum yake nema mai ƙafa da baki.

"To ke me ya hana ki faɗa mini?"

"Da yanzu har unguwar Mayo an ji."

"Da an ji," in ji Hajja, ko a jikinta. "Amma da ban yi miki ƙarya a banza ba. Ni da na yi ta istigfari bayan na ajiye wayar."

"Ki sake buga masa. Ga lambar."

"In ce masa me? In ɓata miki suna da bakina?"

"Abin da kike gaya wa ƙawarki Bakhita a kaina in kuna shan gahawa, shi za ki gaya masa. Kar ki rage komai."

Hajja ta ƙura mata ido. "Wa ya ce ina maganarki?"

"Katangar ba ta da tsawo, Hajja."

Tsohuwa ta yi tsaki, ta kwance makulli, ta gyara zama. Da aka ɗauka ta yi gaisuwa mai tsawo har da tambayar iyali, sannan ta rage murya kamar yadda take yi in labari ya yi daɗi.

"Ustaz, ɗazu na rufa asiri ne, yanzu ga gaskiya. Yarinyar nan ƙafarta ba ta zama. Ita ke kai wa masu agashe yajin ubanta, daga nan har unguwar Kalakla, kuma ba wanda ya taɓa cinye mata bashi, don in ta tsaya a kan mutum sai ya gwammace ya sayar da wuƙarsa. Motar da za ta fi sauri ta san ta tun daga ƙarar inji. Rannan wani kwandasta ya riƙe wa wata tsohuwa canji, ta tsayar da motar a kan gada. A kan gada, Ustaz, mutane na kallo."

Duha tana ta yi mata alama da hannu ta tsaya haka. Ina, Hajja ta riga ta hau. Sai da ta kai ga yadda yarinyar ta koya wa 'ya'yan layi lissafi da bulalar dogon yaro, sannan ta miƙo wayar.

Ustaz Salih yana ƙoƙarin danne dariya. Ya tambayi Duha me ya sa duk wannan ba ya cikin takardarta. Ta ce ta ɗauka kai yaji ba aiki ba ne. Ya ce ta sake rubutawa, ta sa unguwannin da ta sani da shekarun da ta yi tana yi, ta zo da ita ranar Asabar da shirin fita zagaye.

Ta ajiye wayar, ta zaro biro da takarda a nan kan gadon. Hajja ta matso, tana leƙen rubutun da ba ta iya karantawa.

"Kin sa maganar gada?"

"Ba a sa irin wannan, Hajja."

"Sa ta. Ita ce ta fi burge shi, ni na ji numfashinsa."