Giɓin Kwanon Usta Borzu

Ni shara ce aikina a gidan tarihin garinmu Nishabur, amma ba abin da ke wuce idona.

Akwai wani farin kwanon tangaran da aka tono, ya haura shekara dubu, an zagaye bakinsa da baƙin rubutu: albarka ga mai shi. Giɓi ɗaya gare shi, faɗin yatsa biyu. Usta Borzu, mai gyaran kwanukanmu, ya yi abin da ya gada wurin ubansa. Ya ɗauko tsingaron wani kwano daban daga kwalin ɗakin ajiya, ya wasa, ya liƙa, ya bi da fenti.

Na ce, "Usta, ka haɗa gida biyu a kwano ɗaya. Ka tambayi masu shi?"

"Nane Golbahar, je ki tambayo su, ai sa'anninki ne."

Ran Asabar shugabarmu Hanum Farangis za ta zo daga Tehran duba kaya, in ta gano kuwa aikinsa ya tafi. Kafin ranar, safiya uku ina tarar da tsingaron ya ɓalle cikin akwatin gilashi a kulle, ya ja jiki har kusurwar da ke kallon ɗakin ajiya, ga sawunsa a ƙura. Kullum sai Usta ya mayar da shi.

Ran Asabar tsingaron ko motsi bai yi ba. Hanum ta jujjuya kwanon, ta yaba, ta sha shayi ta tafi.

Sai a gidan wanka matarsa Mahin ta raɗa mini: duk kwanon abincin da Usta ya sa hannu a gida, kafin loma ta uku bakin kwanon ya yi ƙas, giɓi faɗin yatsa biyu, ɓallen kuma a neme shi a rasa. Washegari na buɗe kwalin nan na ɗakin ajiya. Ga ɓallen farantin Mahin mai furanni, da maiƙon miya, da ɗuminsa.

Da kwanukan gidan suka ƙare, ya zo aiki hannu a baki. Haƙoransa biyu na gaba ke girgiɗa.

"Nane, miƙo mini wuƙar can."

Shi da kansa ya ɓanɓare tsingaron, ya buga wa Hanum waya ya faɗi gaskiya. Kafin la'asar an sallame shi. Ni na mayar da tsingaron cikin 'yan uwansa, na kau da kai don kada in ga abin da ke ciki.

Mahin ta ce haƙori ɗaya ya tsira.