Ruwan Gashaka Ba na Madina Ba Ne

Shekara goma sha tara Muhammad Awwal yana sayar da magani a wani kemis a unguwar Aƙiƙ, cikin Madina, kullum bakinsa bai huta da yabon Najeriya ba. 'Yarsa Hibatullah kuwa, haifaffiyar Madina, ya yi mata Hausa ta mayar masa da Larabci. So yake ta yarda ta yi jami'a a gida, ita kuma ta kafe. Shi ya sa a hutun 2004 ya ɗauke ta tun daga Madina har kurmin Gashaka da ke jihar Taraba, wai idan ta ga koren daji zuciyarta za ta karkata.

Kore kam ta gan shi, har ya ishe ta. Tun shigarsu da safe wari ya tare su: ruɓaɓɓen ganye, kashin biri, ga gumi yana manne mata abaya a baya. Rabo, ɗan jagoransu, ya nuna musu wani gwaggon biri yana tsince ƙwarƙwatar ɗan'uwansa yana watsawa a baki. Hibatullah ta toshe hanci da gefen mayafi. Shi kuwa uban ya daure yana ta "Masha Allah, dubi ni'ima!"

"Alhaji, komai zafi kada a cire takalmi da safa," in ji Rabo.

Da azahar sai ga ruwan sama. To, a Madina ruwa baƙo ne. Yana saukowa kowa waje yake yi, a tuɓe hula, a naɗe hannun riga, albarka ta taɓa fata. Kafin Rabo ya waiwayo, bawan Allah ya yi jifa da takalmi, ya naɗe wando har gwiwa, ya tsunduma cikin wani kududdufi yana ɗaga hannu.

"Zo, Hiba! Zo ki ji ruwan ƙasarku!"

Da ya fito, wayyo! Matsattsaku sun fi goma a ƙaurinsa, baƙaƙe, masu yauƙi, suna kumbura da jininsa kana gani. Ɗaya har ta kutsa tsakanin yatsu. Mutumin da ke ba mutane maganin tashin zuciya ya durƙusa ya amayar da karin kumallonsa kaf a gindin bishiya. Rabo ya tsuguna da ƙullin gishiri yana barbaɗawa, suna faɗowa suna murɗewa, jini yana bin ƙafar.

Hibatullah ce ta riƙe masa kai, fuskarta a yamutse, tana kau da ido. Ta goge masa baki da mayafinta. Sannan ta buɗe baki da Hausa tsantsa, Hausar da ya yi shekaru yana roƙon ji daga gare ta:

"Baba, don girman Allah ka mai da ni Madina. Ba zan zauna a ƙasar nan ba."