Furosesar da Ta Ƙi Zama

Zulkifli ya sake ɗaga ɗan murfin ƙarfen, ya juya furosesar, ya mayar da ita gurbinta a kan allon kwamfutar. Ta ƙi zama. Gefe ɗaya ya kwanta, ɗayan yana ɗage kaɗan, kamar tayil ɗin da aka ɗora a kan tsakuwa.

"Danna kawai," in ji Salim, abokinsa, wanda ke tsugune yana haska masa da fitilar waya. "Sabon abu haka yake, sai an nuna masa ƙarfi."

"A bidiyon da na kalla mutumin bai danna ba. Ajiyewa kawai ya yi."

"To kai sai ka zauna kana lallashinta har azahar."

Kayan suna baje a kan tabarma a ɗakin Zulkifli da ke bayan masallacin unguwarsu a Zongon Lomé. Tun bara suke tara su ɗaya bayan ɗaya. Furosesar, wato ƙwaƙwalwar injin, yayan Zulkifli ne ya aiko da ita daga Faransa ta hannun wani ɗan kasuwa. Allon da ake dasa komai a kansa, da ram guda biyu, wato ma'ajiyar wucin gadi ta injin, Zulkifli ne ya sayo su na hannu a kasuwar Déckon. Katin hoto kuwa, mai fanka uku, na Salim ne. Sun yi magana cewa da rana Zulkifli zai riƙa tace bidiyon biki da suna, da yamma Salim ya hau wasanninsa yana watsawa ga masu kallo. Babu wanda ya taɓa haɗa kwamfuta a cikinsu. Abin da suka tabbatar kawai shi ne sunan kamfanin da ke jikin furosesar shi ne a jikin kwalin allon.

Zulkifli ya ɗora babban yatsa a kanta, ya ja ɗan sandan makullin ƙasa. Wani ɗan sauti ya fito, kamar an taka ƙwayar shinkafa. Suka dubi juna.

Suka jona sauran kayan duk da haka, suka danna maɓalli. Fanka ta juya sau ɗaya ta tsaya. Talabijin ɗin da suka jona ya zauna baƙi ƙirin.

A lokacin wayarsa ta yi ƙara. Hajiya Ummulkulsum ce, mahaifiyar Batul, amaryar da ya ɗauki bidiyon bikinta. Zulkifli ya fita tsakar gida kafin ya ɗauka, ya rusuna kamar tana gabansa.

"Ɗana, ba matsa maka nake yi ba," in ji ta, muryarta a dishe. "Batul za ta bi mijinta Wagadugu ranar Asabar. So nake mu kalla tare kafin ta tafi."

"In sha Allahu, Hajiya. Saura kaɗan."

"Ko ba ka gama duka ba, wurin da Alhaji ya yi mata nasiha. Ni dai muryarsa nake son ji."

Bikin Batul shi ne aiki na farko da Zulkifli ya karɓa da sunansa. Ya yi hayar babbar kyamara, ya maƙala wa uban amarya, Alhaji Muniru, ƙaramar makirfo a wuyan riga. Ba a daɗe da watsewar biki ba Alhaji ya faɗi a rumfarsa ta atamfa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Yanzu Hajiya tana takaba, fuskar mijinta na cikin faifai ɗaya, muryarsa na cikin wani, tsohuwar laftof ɗin Zulkifli kuma da ya buɗe hotunan sai ta sandare, ta yi zafi, ta mutu.

Suka naɗe allon a cikin tawul, Salim ya sa katinsa a jaka, suka hau zemijan biyu, wato baburan haya, zuwa cikin gari. Zulkifli ya rungume tawul ɗin a ƙirji tun daga Zongo har suka wuce Cacavéli, duk ramin da babur ya faɗa sai ya ji shi a cikinsa.

Shagon Fo Komlan yana cikin wani lungu a Déckon, bayan masu sayar da murfin waya. Mutum ne mai ƙiba da furfura a gemu, ya jima yana gyara wa 'yan Zongo kaya har Hausa ta zauna a bakinsa. Ya buɗe makullin, ya ɗauke furosesar da yatsu biyu, ya jawo gilashin ƙara girma.

"Wa ya danna?"

"Ni," in ji Zulkifli.

"Zo ka gani."

A cikin gurbin akwai ɗaruruwan allurai ƙanana masu ruwan zinariya, duk sun karkata gefe ɗaya a jere. A kusurwa guda kuwa sun kwanta a hargitse kamar ciyawar da akuya ta kwana a kai. Wasu sun karye.

"Ai kamfani ɗaya ne, Fo," in ji Zulkifli. "Girmansu ma ɗaya."

"Kamfani ɗaya, zamani daban. Ka ga wannan ɗan yankan a gefenta? Ka ga haƙorin da ke cikin gurbin? Ba su haɗu ba. An yi su ne don kada mutum ya sa ta inda ba nata ba." Ya juya furosesar a ƙarƙashin fitila. "Ita dai da alama ta tsira. Allon ne ya tafi."

"Ba ya gyaruwa?"

"Da allurai biyu ne ko uku, da na miƙe maka su. Ko na miƙe ma, wannan furosesar ba za ta taɓa aiki a kansa ba."

"To in na sami allon da ya dace da ita?"

"Sai ka canza ram. Naka na tsohon yayi ne, sabon allo ba ya karɓarsu." Ya dubi jakar Salim. "Wannan katin kuma mayunwaci ne. Wane akwatin wuta kuka saya masa?"

Zulkifli ya faɗa masa. Fo Komlan ya girgiza kai a hankali.

"Ranar da ya fara aiki mai nauyi zai kashe injin. Me ya sa ba ku zo kun tambaye ni kafin ku saya ba? Tambaya ba na karɓar komai a kanta."

Zulkifli ya tambaya ko akwai allon da ya dace da furosesar a kasuwa. Fo Komlan ya kira mutum biyu a waya, ya yi magana da su da yaren Mina, ya ajiye. Sai an yi oda daga Akara ta ƙasar Gana, in ji shi, kuma ba zai iso kafin Asabar ba.

Suka je wurin wanda ya sayar masa da allon. Mutumin ya leƙa gurbin sau ɗaya, ya tura masa tawul ɗin. Lafiya lau ya ba shi, in ji shi, kuma bai ce masa ya sa ƙarfi ba. Zulkifli ya naɗe tawul ɗin ya fito.

A bakin titi Salim ya tsaya yana gyara igiyar jakarsa, idonsa na kan motocin da ke wucewa.

"Akwai wani ɗan ƙanin babana a unguwar Djidjolé," in ji shi. "Yana da inji, kati ne kawai ba shi da shi. Ya daɗe yana yi mini magana."

"Na ji."

"Aro ne kawai. Da ka haɗa naka zan dawo da shi."

"Na ce na ji, Salim."

Salim ya tare zemijan. Ya ɗan juyo kamar zai ƙara wani abu, sai mai babur ya ja.

Zulkifli ya zauna a kan dakalin wani shago da tawul a cinya. Ya fito da waya, ya buɗe sunan yayansa, ya rufe. Yayan a gidan abinci yake wanke tukwane, kuma da ya aiko da furosesar cewa ya yi ya zaɓi mafi sabunta ne don ƙaninsa ya wuce kowa a Lomé. Aka kira la'asar daga wani masallaci da bai gani ba. Ya yi alwala da ruwan leda, ya bi jam'i, bai san me ya karanta ba.

Inji ɗaya ya sani a garin nan da zai iya ɗaukar hotunan, kuma na Idi ne. A situdiyon Idi da ke Cacavéli ya koyi aikin, ya yi shekaru yana tace finafinan da ake yaba wa Idi a kansu. Ranar da zai bar wurin ya faɗa a gaban kowa cewa daga yau duk abin da hannunsa ya yi sunansa ne zai hau kai. Tun daga ranar ko a ɗaurin aure suka haɗu sai dai gaisuwa daga nesa.

Ya tarar da Idi yana shan shayi a ƙofar situdiyo. Ya durƙusa ya gaishe shi.

"Maigida, wata buƙata ce ta kawo ni."

Idi ya dubi tawul ɗin, ya dubi fuskarsa. Ya saurari labarin har ƙarshe bai katse shi ba, bai kuma yi dariyar da Zulkifli ya yi tsammani ba. Suka shiga ciki, Zulkifli ya ciro faifan biyu daga aljihu, aka jona su. Alhaji Muniru ya bayyana a kan allo cikin farar shadda, yana riƙe da hannun 'yarsa, leɓunansa na motsi babu sauti.

"Allah ya jiƙansa," in ji Idi. Ya matso kusa, ya kalli yadda hasken taga ya sauka a gefen fuskar marigayin. "Kai ka ɗauki wannan?"

"Ni ne."

"Ya yi kyau." Ya jawo tsohuwar kujerar kusurwa da ƙafa. "Zauna ka yi aikinka. Hajiya ba za ta jira ba."

Zulkifli ya ajiye tawul ɗin a ƙarƙashin tebur, ya zauna, ya sa abin ji a kunne. Ya jawo layin muryar yana matsar da shi kaɗan-kaɗan har ya dace da motsin baki, sai ga Alhaji yana cewa, "Batul, ki yi haƙuri da mutane."

Idi ya kai bakin ƙofa, ya tsaya.

"Sunan situdiyo a farko da ƙarshe, kamar yadda ka saba."

"To, Maigida," in ji Zulkifli.