Wando Mai Bene

"Na ce ka ƙara wa rigar nan tsawo!"

"Oga Dokta, in na ƙara, yaron nan zai riƙa share titi da ita."

"Ta sauko ƙasan gwiwa. Kai tela ne ko mai ba da shawara?"

Amaechi ya zare allurar da ke bakinsa, ya soke ta a ƙirjin rigarsa. "Shekara goma sha biyu ina ɗinki a Sabon Gari. Na ɗinka wa nas, na ɗinka wa masu kemis, har mahauta na ɗinka wa farar riga. Babu wanda ya ce ta wuce gwiwa. In ta wuce gwiwa ba ta likita ba ce kuma, ta Fadan coci ce. Coci za ka kai shi ko makaranta?"

Othniel yana tsaye a tsakaninsu, hannuwa a ware kamar wanda 'yan sanda suka tare a hanya, farin yadi a rataye a kafaɗunsa. Ya san dalilin da ya sa babansa ya nace a kan tsawon. Amaechi ma ya sani, don dalilin yana ninke a kan keken ɗinkinsa.

A makarantarsu, daga aji ɗaya zuwa aji uku gajeren wando ake sawa. Sai ka shiga aji huɗu, ka zama ɗan babbar sakandare, sannan ka ga dogo. Shekara uku Othniel yana jiran wannan wandon. Shekara uku sauro na cin ƙwaurinsa, firfet na auna bulala a daidai wurin, 'yan mata na ƙirga tabban da ke gwiwarsa. Yanzu ya rubuta jarrabawar aji uku, ya ci, ga watan Satumba na 2004 ya ƙarato. Sai babansa ya shiga kasuwa, ya fito da farin yadi mai yawa da shuɗin ƙyalle kaɗan.

"Ba sai an yi sabo ba," in ji shi. "Ƙugun tsohon lafiyarsa ƙalau. A jona masa ƙafa."

Amaechi kuwa ya jona. Sama shuɗin da omo da rana suka ci shekara uku suna ci, har ya koma kalar toka. Ƙasa sabon shuɗi mai duhu, yana ƙyalli. A tsakani, daidai gwiwa, ɗinki ya zagaye kamar iyakar gona. Aikin farar rigar ke nan: ta sauko ta rufe wannan iyakar. 'Yan ajin Sayans ne kaɗai ke da izinin sa farar riga a makarantar, kuma a wurin babansa, Mista Sebastian, babu wani aji a duniya sai na Sayans.

Shekara goma sha tara Mista Sebastian yana wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a a Samaru. An ba shi farar riga don kada ruwan magani ya ɓata masa kaya. Shi kuma ya ƙi cire ta. Da ita yake sayen ƙosai, da ita yake zuwa taron zumuntar maza. 'Yan unguwa suka fara ce masa Dokta don zolaya, ya amsa da gaske, har zolayar ta gaji ta mutu, sunan ya zauna. Ya yi alkawari a gaban Allah da maƙwabta cewa ɗansa zai sa farar rigar da ba ta wanke-wanke ba.

Abin da bai sani ba shi ne ya riga ya soke alkawarin da hannunsa.

A makon ƙarshe na aji uku aka ba kowane ɗalibi fom ya kai gida, iyaye su zaɓi aji. Akwati uku ne a jikin takardar, kowanne da harafi ɗaya babba: A, C, S. Bayanin kuwa an rubuta shi a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Othniel ya miƙa wa babansa da yamma a ƙofar gida, lokacin da maƙwabta biyu ke zaune a benci suna cin gyaɗa. Tabarau yana ɗaki, amma Dokta ba zai tashi neman tabarau a gaban jama'a ba. Ya riƙe takardar nesa da fuska, ya yi gyaran murya.

"Ɗana tun aji ɗaya a A yake. Bai taɓa zama a B ba, balle wani C. Ku dubi S kuma, can ƙarshen layi. Na daƙiƙai ke nan."

Ya danna biro a kan A, ya yi alama mai kauri, ya sa hannu da wutsiya doguwa.

A ɗin nan Arts take nufi, ajin masu tarihi da adabi. Othniel ya gani. Bakinsa ya buɗe, ya sake rufewa. Shi dai ya san sau ɗaya ya taɓa zuwa wurin aikin babansa, ya ga an farke cikin kwaɗo, ya yi amai a cikin bahon da baban ya gama wankewa. Ya san lissafi da ƙyar ya tsallake shi, kamar mai tsallake kwatar Sabon Gari da damina. Ya kuma san akwai littattafai uku na tarihi a ƙarƙashin katifarsa, waɗanda ya karanta har bangonsu ya fita. Ya ninke fom ɗin, ya sa a jaka, ya kai makaranta. Bai yi ƙarya ba. Haka ya riƙa faɗa wa kansa duk hutun nan: bai yi ƙarya ba.

"Sauke hannunka, ƙaramin Dokta," in ji Amaechi. Ya auna har ƙasan gwiwa, ya yi zane da alli, yana girgiza kai. "Zan yi yadda ka ce, Oga. Amma in an tambaya, kada a ce ni na ɗinka."

Da suka dawo Samaru, Janet, mahaifiyar Othniel, ta ɗaga wandon a hasken taga, ta juya shi gaba da baya.

"Sebastian, wannan wando ɗaya ne ko biyu?"

"Riga za ta rufe."

"In ya yi gudu fa? In iska ta taso?"

"Likita ba ya gudu."

Ta dubi ɗanta, ta ga ya ƙura wa ƙasa ido. "Kai kuma me ke damunka? Tun da aka yi hutu kake tafiya kamar wanda ya haɗiye ƙashi."

"Ba komai, Mama."

Ranar Litinin da aka koma, Mista Sebastian ya nemi izinin safiya daga wurin aiki. Ya goge tasa farar rigar, ya goge ta ɗansa, suka hau acaɓa ɗaya. Fari a gaba, fari a baya, ɗan acaɓan a gaban gaba kamar wanda za a kai tiyata. Mai shayin bakin titi ya ɗaga ludayi. "Dokta da Dokta! Yau cuta ta shiga uku a Samaru!" Mista Sebastian ya ɗaga masa hannu a hankali, irin na manya.

Abin haushin shi ne rigar ta yi wa Othniel daɗi. Ta rufe ɗinkin tsaf. Daga ƙasa sabon shuɗi kaɗai ake gani, yana taɓa takalmi, kamar na kowa. Wasu 'yan aji ɗaya suka matsa masa a bakin get, ɗaya har ya ce, "Sannu, siniya." Shekara uku yana jiran wannan kalmar. Ya ji ta har cikin ƙashinsa.

An manna sunaye a bangon ofis. Mista Sebastian, wannan karon da tabarau, ya ɗora yatsa a kan jerin 'yan Sayans, ya bi shi har ƙasa. Ya koma sama, ya sake bi. Ya bi na uku, babu sunan ɗansa.

"An yi kuskure."

Ya kutsa ofishin mataimakiyar shugaban makaranta, Misis Bolanle, Othniel na biye da shi. Mace ce da ta shekara ashirin a Zariya, Hausa a bakinta kamar wuƙa. Ta saurare shi har ya gama, ta jawo durowa, ta laluba, ta shimfiɗa fom ɗin a kan tebur.

"Wannan sa hannun na waye?"

"Nawa ne. Ga shi nan, A na zaɓa. Ajin farko."

"A, Arts. C, Commercial. S, Science." Ta bi ƙananan baƙaƙen da bakin biro. "Ga shi a rubuce. Ba ka karanta ba, Dokta?"

Yadda ta ja sunan ya sa akawun da ke kusurwa ya sunkuyar da kai cikin fayil. Mista Sebastian ya cire tabarau, ya goge shi da gefen farar rigarsa, ya mayar. Rubutun bai sauya ba.

"Wace irin makaranta ce ke sa Sayans a ƙarshe?"

"Mai bin abacada." Ta nisa, ta juyo wajen yaron. "Ba abin tashin hankali ba ne. Akwai gurbi ɗaya a Sayans, wani ya koma Kaduna. Lissafinka ya tsallake, ko da yake da rarrafe. In kana so, na soke wannan yanzu. In ba ka so, ka cire rigar nan, don ba asibiti muke ba. Ba babanka nake tambaya ba, shi ya riga ya zaɓa."

"Yana so," in ji Mista Sebastian. "Soke kawai, Madam."

Ƙofar ofis a buɗe take. A waje ɗalibai sun fara jeruwa don taron safe, layi-layi, kowa da sabon dogon wandonsa mai kala ɗaya. Othniel ya hango Dele, abokin zamansa na aji uku, wanda bakinsa bai taɓa barin kowa ya wuce lafiya ba. In ya ce yana so, rigar za ta zauna, ɗinkin zai ɓuya, babansa zai koma aiki da kai a sama. Sai kuma kwaɗi, da lissafi, shekara uku, wataƙila har abada.

Othniel ya kai hannu ga maɓallin sama. Amaechi ya matse ramukan, sai da ya yi kokawa da kowanne. Guda biyar ne. Ya zare rigar, ya ninke ta yadda Mama ke ninke zanen coci, ya ɗora a hannun babansa.

Misis Bolanle ta leƙo ta saman tebur, ta ga gwiwoyinsa, ta ce, "Yesu!" Sai ta kama bakinta.

Othniel ya fita. Bai yi taku goma ba Dele ya hango shi.

"Jama'a, ku zo ku ga wando mai bene! Wallahi sama aka fara ginawa, sannan ƙasa!"

Layi uku suka fashe da dariya. Wani ya tambaya ko ana ba da hayar ɗakin ƙasa. Ɗan aji ɗayan da ya ce masa siniya ɗazu yana riƙe da ciki. Othniel bai tsaya ba. Ya san sunan nan ya zauna ke nan, kamar yadda wani suna ya zauna wa wani a Samaru. Ya wuce layin masu fararen riguna, ya tsaya a bayan layin Arts, ya zuba hannu a aljihun toka-tokan saman.

Bai ji zuwan babansa ba sai da inuwa ta faɗo masa. Mista Sebastian yana tsaye, riga ɗaya a jiki, ɗaya a hannu, tabarau ya zamo kan hanci. Ba fushi a fuskarsa. Da fushi ne da ya fi sauƙi. Firfet ya ɗaga ƙarfe zai buga ƙararrawa, yara suka fara yin shiru.

Muryar ta fito ƙasa-ƙasa, ba irin ta Dokta ba.

"Ranar nan a ƙofar gida, da na sa alamar, kana tsaye a kaina. Ka gani, ka ƙyale ni?"