Zaren Makoki a Bakin Kifi

Ni ne kawun Mokhethi, ƙanen uwarsa, don haka ni ke da alhakin yanke masa ƙyallen makoki. Har yau ban yanke ba, kuma ga dalili.

Yayansa Sello a ruwa ya mutu. Ya sauko daga wurin tumakinsa a kan tsauni lokacin da ƙanƙara ta fara narkewa, ya tarar kogi ya cika, ya ce dokinsa ya san hanya. Doki ya dawo gida shi kaɗai. Sello kuwa sai a gurbin ruwa mai zurfi da ke ƙarƙashin Dutsen Hankaka aka tsamo shi. Muka binne shi, muka aske kawunanmu, kowa a gidan ya ɗaura thapo a wuya, siririn baƙin ƙyallen nan da mu Basotho ke ɗaurawa idan an yi mana rasuwa. Ba a cire shi, ba a rage shi, sai ranar da kawu ya zo da almakashi ya yanke na kowa, a haɗa a ƙone ƙurmus. Abin da wuta ba ta ci ba, mamaci na riƙe da ɗaya bakinsa. Kowa ya san wannan.

Mokhethi ba makiyayi ba ne. Tun yana saurayi ya koyi ɗaura ƙwaron ƙarya a jikin ƙugiya, yana sayar wa baƙin da ke zuwa kamun kifin tsauni. Ban taɓa ɗaukar abin sana'a ba, don yaudara ce ko da kifi ake yi wa, amma ya iya. Yakan ce ruwa in ya yi sanyi kifi kwanciya yake a ƙasa kamar tsoho a bargo, ba ya bin abu mai gudu ko mai ƙyalli. Sai ƙarami, baƙi, mai nauyi, wanda zai nutse a hankali ya zo masa har baki. Sai ya naɗa wayar tagulla ta tsohon rediyo a ƙugiya, ya rufe da gashin akuya, ya sa gashin wuyan baƙin zakara, ya ɗaure da baƙin zare.

A tsakiyar makokin zarensa ya ƙare. Kanti tafiyar yini ce a kan doki. Baƙin ƙyalle kuwa ga shi a wuyansa. Ragon mutum ba ya rasa dabara.

'Mamosa, matar Sello, ita ta fara lura.

"Kai Mokhethi, gara ce ta shiga wuyanka? Ƙyallenka kullum ramewa yake."

"Bargo ne ke gogarsa, matar Yaya."

"To mu da buhu muke lulluɓa? Ga nawa nan lafiya lau."

Ya yi dariya ya ɗauki sandarsa ta fatsa ya fita. A kwanakin nan babu wanda ke kama ko ɗan tsako a kogin, shi kuwa kullum da kifi yake dawowa, manya, masu ɗigo-ɗigo a jiki. Duk daga gurbin Dutsen Hankaka.

Daga nan gidan ya canja. Da tsakar rana, gari a bushe, sai a tarar kujerar Sello ta jiƙe sharkaf, ruwan da sanyi kamar yanzu aka ɗebo. Dokinsa ya daina cin ciyawa in Mokhethi ne ya zuba. 'Mamosa ta soya kifin nan sau ɗaya, ta ɗora kan tuwon masara, ta kai loma baki ta ajiye. Ta ce warin bargon mijinta take ji.

Ranar yanke makoki na zo da almakashi. Aka yanka tunkiya, dangi suka jeru a tsakar gida, ina bi ina yankewa ina zubawa a ƙwarya. Da na zo kan Mokhethi na ɗaga bargonsa, sai na ga abin da ke wuyansa bai fi igiyar takalmi kauri ba.

"Ina sauran?"

"Kawu, ai zare ne kawai."

"Ni ma gashi ne kawai a haɓata, zo ka tsiga mana. Na ce ina sauran?"

Ya shiga ɗaki ya fito da gwangwanin taba, cike da baƙaƙen ƙwarin nan. Ya ce bai sayar da ko ɗaya ba, ya ga sun fi ƙarfin a ba baƙo. Na juye su a ƙwarya.

"Duka ke nan?"

Ya mayar da murfin gwangwanin. 'Mamosa ta ce, "Faɗa masa, ɗan uwan mijina. Kujerar nan ba da kanta take jiƙewa ba."

"Saura na farkon," in ji shi. "Na jefa a gurbin, wani abu ya kama. Kawu, na san jan kifi, fizga yake yi ya yi gudu. Wannan ja yake a hankali, kamar mai jan linzamin doki. Na bi shi har ruwa ya kawo mini ƙirji, sannan igiyar ta tsinke."

Na ƙone na kowa tare da ƙwarin, warin gashi ya cika gidan. Na ce wa 'Mamosa ita da 'ya'yanta sun fita makoki, babu abin da ke kansu. Na mayar da almakashi aljihu.

"Nawa fa, Kawu?"

"Kawo na farkon, in yanke."

An roƙe ni. Uwarsa, yayata, ta yi kuka. Limamin coci ya hau doki ya zo har gida ya ce ƙugiya tsatsa take yi ta faɗi, zare kuma ruɓewa yake. Na ce masa ni ba a ba ni aikin ruɓarwa ba, na ƙonewa aka ba ni. Wanda ya mayar da makokin ɗan uwansa tarkon cika tukunya, shi zai je ya kwance.

Mokhethi bai yi mini gardama ba, don ya fi kowa sanin abin da ya ja igiyar nan. Kujerar ta bushe tun ranar, sai dai yanzu bargonsa ne ba ya bushewa. Duk shekara in ƙanƙara ta fara narkewa yakan shiga gurbin har cinya. Kifin da ya kama sai ya buɗe bakinsa, ya duba, ya sake shi. Sanyi ya ƙanƙance masa yatsu, ba ya iya ɗaura ko maɓalli, balle ƙwaro. Da tsutsa yake kamu yanzu.

Jiya na bi ta saman dutsen na hango shi. Ya ɗago kifi, ya duba, ya girgiza mini kai. Almakashin na aljihuna, na wasa shi.