Ƙorai Bakwai na Inna Dijatu

Akwai laifin da ya fi kama mai takarda: ya ga abu a gidan mutane, ya hana bakinsa tambaya. Shi ne ya ci Balkisa.

Tana bisa tsani a falon Alhaji Ibrah, dillalin shanu na Filinge, tana ɗaure wayar wuta, bayanta kamar zai tsinke. Shekara uku ta yi a Yamai tana karatun tsara cikin gida a jami'a. Ta dawo da diplom, takardar gama karatu, ta ƙara shekara biyu tana auna atamfa a shagon gwaggonta. Wa zai ɗauki mutum aiki don ya nuna masa inda zai aje kujera? Sai da Alhaji ya gama sabon gida, ya ce ta gyara masa falo. In aikin ya yi masa, masaukin baƙin da yake ginawa a Bonkuku nata ne, ɗaki goma sha biyu. In bai yi ba, shago na nan.

A makaranta an koya musu ado da kayan ƙasa. To, a ɗakin ajiyar gidan ta iske ƙorai bakwai cikin raga, tsofaffi, hayaƙi ya rina su, bakinsu duk zanen wuƙa.

Musa mai haɗa wuta, dattijo ne da furfura, ya juya ɗaya a hannunsa ya shinshina.

"Madam, wagga ta sha nono. A dai tambaya."

"In tambayi wa, Baba Musa? Alhaji na kasuwa. Kuma ya ce abin da na gani a ɗakin in yi aiki da shi."

"Katako da fenti ya ka nuhi."

"Miƙo mini abin huda, don Allah, na gaji."

Ya miƙa. Ta huda su, ƙananan ramuka jere-jere, ta shafe su da man sheƙi, ta kifa kowace bisa ƙwan lantarki. Da aka kunna, haske ya yayyafa a bango kamar an watsa gero. Kyau dai sun yi, ba a ƙarya.

Bayan la'asar mota ta tsaya. Alhaji ya shigo riƙe da hannun mahaifiyarsa, Inna Dijatu, wadda ya ɗauko daga rugarsu kusa da Tabla don ta zauna wurinsa. Kayanta sun riga ta zuwa da kwana goma. Tsohuwar ta tuɓe takalmi, ta tako a hankali don santsin ƙasan, ta ɗaga kai. Ta daɗe tana kallo.

"Ibrah, wa ya kihe ƙwaryar tatsa?"

Alhaji ya dubi Balkisa, tsohuwar ta ci gaba.

"Waccan ta tsakiya ta uwata ce. Da ita aka kai ni ɗaki. Cikinta ka sha nono har ka yi haƙori. Shekarar da shanu suka ƙare na sai da 'yan kunnena, ban sai da waɗanga ba."

Balkisa ta sauko, ta durƙusa.

"Inna, ai daraja na ƙara musu. A ɗaki suke, ba mai ganinsu. Yanzu duk baƙon da ya shigo sai ya yaba. A Yamai manyan gidaje..."

"Ɗiyata, ɗiyar wa ce ke?"

"Ta Malam Zaidu, mai ɗinki."

"To, ɗiyar Zaidu, sauko mini da guda, ki zuba ruwa in sha. Tun Tabla nika jin ƙishi."

Balkisa ta dubi ramukan.

Tsohuwar ba ta yi faɗa ba. Ta ƙi hawa kujerun, ta zauna ƙasa kusa da ƙofa. Alhaji ya ce wa Musa ya sauko da ƙoran. Ɗaya bayan ɗaya tana karɓa, tana goge su da bakin zane, man ya ƙi fita.

"Alhaji, wallahi da na sani..."

"Baki gare ki, Balkisa. Ni ma waya gare ni. Tai gida, ki gaida Malam."

Kwana tara na aiki ya tafi. Ɗaki goma sha biyu na Bonkuku aka ba wani mai fenti. Matan aure biyu da suka ce ta zo ta duba ɗakunansu suka aiko cewa sun fasa. Suna kuma ta samu, wanda ba ya cikin diplom: daga tasha har kasuwa, mai huda ƙwarya ake ce mata. Ran Litinin da safe gwaggonta ta miƙa mata almakashi, ba ta ko tambaye ta ba.