Ragon Bincike na Dauran

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Zamfara, Armiya'u ba shi da zance sai na wani rago. Ɗalibin bincike ne a jami'a, ya ajiye ragon a Dauran wurin kawunsa Ladan, yana zuwa yana yi masa allura. So yake jinin ragon ya ƙera garkuwar da za ta gano masa ƙwayoyin jikin mutum masu fara jin shigowar cuta. Ba ita, ba digiri.

Da garkuwar ta nuna, ya ɗebi jini a wuyan ragon, ya bar jinin ya kwanta, ya tace ruwan da ya taso samansa a kwalabe. Ya ce wa kawu, "To, an gama," ya jera kwalaben a kularsa ta ƙanƙara, ya kama hanya.

A tashar Ƙauran Namoda wasu samari masu kulake, waɗanda ba wanda ya aike su, suka tare shi. Babbansu, wani Dogo, ya ɗaga kwalba ya girgiza. Ruwan ɗorawa ne, ga kumfa.

"Giya ta, wallahi!"

"Ba giya ba ce, ruwan jini ne!" in ji Armiya'u.

Ai gara ma giyar, don nan take suka ce ɗan tsafi ne. Kafin ya rufe baki kulki ya sauka a ƙeyarsa. Ya faɗa kan kular ya rungume, suka yi ta dukan yatsunsa har suka saki. Ɗaya bayan ɗaya aka fasa kwalaben a gabansa, wani ya tattake fuskarsa cikin fasassun. Da ƙyar direbobi suka ƙwace shi, haƙora biyu sun tafi.

A gadon asibiti bai yi kuka ba. Ragon na nan, jini kuwa sake taruwa yake yi. Wannan kaɗai ya riƙe shi.

Ranar da aka sallame shi, da hannu a ɗaure ya nufi Dauran. Ya tarar da ƙofar gida cike da maƙwabta, ana rabon tuwo. Kawu Ladan ya rungume shi yana hawaye.

"Allah ya hisshe ka, ɗana! Tun da na ji labari na yi alwashin sadaka. Ka ce an gama da ragon, shi ya sa na yanka shi, ban taɓa na wani ba."

Ya miƙo masa kwano. "Ci, hantar taka ta."